Me Ake Nema A Littafin Gwajin Zanen Tsohon Mai Zanen Komik?

Me zai sa mutum ya zuba maƙudan kuɗi a kan zanen da mai shi bai gama ba, wanda ko fenti babu, ga alamun kilina a ko'ina, ga hannu guda an zana shi sau biyar a wuri ɗaya? Wannan tambayar takan taso duk lokacin da labarin wani gwanjo ya bazu. A watan Janairun 2021, gidan gwanjo na Artcurial da ke birnin Faris ya sayar da wani zanen bangon littafi da Hergé, mai komik ɗin Tintin, ya yi a 1936 a kan kusan yuro miliyan 3.2, alhali kuwa zane ne da maɗaba'a ta ƙi amfani da shi tun farko saboda tsadar buga launukansa. Kafin nan, a farkon shekarun 1990, mai zanen komik Robert Crumb ya ba da littattafan gwajin zanensa guda 6 ya karɓi gida a kudancin Faransa.

Masu jin irin wannan labari sukan rabu biyu. Wasu su ce hauka ce ta masu kuɗi, wasu su ce ai suna ake saya ba zane ba. Akwai ƙamshin gaskiya a duka biyun, amma sun bar ainihin dalilin a baya. Kafin 'yan kasuwa su shigo, ɗalibai da masu zane ne suka fara bin waɗannan littattafai, kuma abin da suke nema ba ya cikin komik ɗin da aka buga, wato littafin labari cikin jerin zane.

Mene ne littafin gwajin zane, mene ne ba shi ba

Abubuwa huɗu ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, kuma daga nan ruɗanin yake farawa.

Na farko shi ne littafin da mai zane yake riƙewa don kansa: ɗaurarren littafi mai farar takarda, yana gwada fuska, motsin jiki, mota, ninkin riga, ba da niyyar kowa ya gani ba. Na biyu shi ne takardun shirin aiki, wato ƙananan tsare-tsaren shafi da zanen siffar jarumi kafin a amince da ita. Waɗannan galibi warwatse suke, ba a ɗaure ba. Na uku shi ne littafin da aka cika da gangan don kyauta ko nuni. Misalinsa shi ne wanda shahararren mai zanen komik Jack Kirby ya zana wa matarsa Roz a shekarun 1970, jarumi ɗaya a kowane shafi da fensir, wanda aka buga a 1987 da sunan Heroes and Villains. Zane ne kammalalle, ba gwaji ba, duk da fensir ne.

Na huɗu, wanda yawancin mutane suke iya saya, shi ne littafin da maɗaba'a ta tattara daga waɗancan ukun ta buga. Kamfanin Vanguard ya fitar da irinsu na Wally Wood, Al Williamson, John Buscema da John Romita. Dark Horse ta fitar da na Will Eisner. Wannan rukunin edita ne ya zaɓo abin da za a gani, ya jera shi yadda ya ga dama, don haka ba littafin da ya zauna a teburin mai zanen kake riƙe da shi ba. Ba aibi ba ne, amma ya kamata mai saye ya sani.

Hannuwa nawa shafi yake bi kafin ya iso ga mai karatu

Ba za a fahimci darajar fensir ba sai an san yadda ake haɗa komik a Amurka tsakanin shekarun 1940 zuwa 1980. Aikin layi ne, kowa da nasa mataki.

Mai fensir shi ke fara zana shafin a kan takarda mai kauri da ake kira Bristol. Har zuwa wajen 1967, filin zanen yakan kai inci 12 da rabi a faɗi, 18 da rabi a tsawo, kusan ninki biyu na yadda za a buga. Daga baya aka rage shi zuwa inci 10 da 15 a kan takarda mai inci 11 da 17. Daga hannunsa sai shafin ya tafi wurin mai rubuta haruffa, ya zuba maganganu da tawada. Sai mai tawada ya karɓa, ya bi kan layukan fensir da buroshin gashi ko siririn alƙalamin ƙarfe. Da tawadar ta bushe, sai a sa kilina a goge fensirin gaba ɗaya, domin kyamarar maɗaba'a baƙi da fari tsantsa take so.

A nan abin yake. Zanen fensir na yawancin shafukan da aka buga a wancan zamani babu shi a duniya. An goge shi da gangan, a matsayin wani ɓangare na aikin. Abin da ya saura fassarar mai tawada ce.

Bayan haka sai a rage shafin zuwa kusan rabin girmansa, ko kashi biyu cikin uku bayan an sauya girman takarda, a ɗora masa launi daga zaɓin da bai wuce 64 ba, waɗanda ake haɗawa da ɗigo-ɗigon shuɗi, ja da rawaya a ma'aunin kashi 25, 50 da 100, a buga a kan takardar jarida mai shan tawada. Siraran layuka su ɓace, waɗanda ke kusa da juna su haɗe su zama dunƙulen baƙi.

Wani lokacin ma ba fassara kawai ake yi ba, sauyi ake yi. Vince Colletta, wanda ya daɗe yana yi wa Kirby tawada a komik ɗin Thor na kamfanin Marvel, an san shi da sauri, kuma da aka kwatanta kwafin fensirin da ya tsira da shafukan da aka buga, an ga wuraren da ya goge mutanen da ke bayan fage ko ya sauƙaƙe gine-gine don aiki ya ƙare da wuri. Da Kirby ya koma kamfanin komik na DC a 1970, kamfanin ya sa Al Plastino da Murphy Anderson su sake zana fuskar Superman a shafukansa, don ta yi daidai da fuskar da aka saba gani. Mai karatu ya sayi komik da sunan Kirby, amma fuskar jarumin ba hannunsa ba ce.

Littafin gwajin zane bai bi ta wannan layin ba. Babu edita, babu mai tawada, babu ragi, babu takardar jarida. Shi ne wuri guda da za ka ga layin kamar yadda ya fito daga hannun mutumin.

Abin da ido yake tsinta a shafin gwaji

Ɗauki shafi guda na ƙwararren mai fensir ka dube shi da kyau. Ƙarƙashin jarumin da ke kai naushi za ka ga wani dogon layi mara nauyi, ya taso daga diddige ya bi ta gadon baya ya fita ta dunƙulen hannu. Shi aka fara ja, a bugu ɗaya, kuma duk ƙarfin zanen a kansa ya rataya. A kansa aka ɗora ƙirji kamar ganga, ƙugu kamar akwati, kai kamar ƙwai da aka ratsa da layi biyu, ɗaya na tsaye don tsakiyar fuska, ɗaya na kwance don mazaunin idanu. Mutum na gaske tsawonsa kamar kansa bakwai da rabi ne, amma jarumin komik akan ja shi zuwa kai takwas ko fiye, kuma a shafin gwaji sau da yawa za ka ga 'yan alamun da aka auna hakan a gefe.

Sai kuma gyare-gyaren. Hannun da aka fara ajiyewa a ƙasa, aka ɗaga shi, aka sake ɗaga shi, har aka tsaya a na uku aka danna fensir a kai. Waɗanda aka bari ba su ɓace ba, suna nan dishi-dishi. A ganina nan ne darajar littafin take. Kammalallen shafi yana nuna maka abin da aka zaɓa, shi kuwa shafin gwaji yana nuna har da abin da aka ƙi, kuma ɗalibi ya fi ƙaruwa da na biyun, domin yana iya tambayar kansa me ya sa hannun na farko bai yi ba. Amsar takan fito da kanta: ya rufe fuska, ko ya kwanta daidai da ƙafa har motsin ya mutu.

Nauyin hannu ma ana ganinsa. Fensir mai tauri, irin 2H, yana barin siririn layi mai haske, har da ɗan kwari a takarda idan an danna. Mai laushi, irin 2B, yana ba da baƙi mai kauri da ke shafewa da gefen hannu. Wasu suna fara gini da shuɗin fensir mai haske wanda kyamarar maɗaba'a ba ta ɗauka, sannan su ɗora baƙi a kai. Inda za a cike da baƙar tawada, mai fensir yakan sa alamar X kawai ya wuce. Duk waɗannan sawu ne na yadda mutum yake aiki, kuma bugu yana share su.

Ƙananan tsare-tsaren shafi su ne mutane suka fi rainawa, su ne kuma suka fi koyarwa. Shafi guda ne a filin da bai fi tafin hannu ba, mutanen ciki ƙwallaye ne da sanduna. A wannan ƙanƙantar ba a iya ɓuya a bayan ado. Ko dai ido ya bi labarin daga akwati zuwa akwati, wato 'yan gidajen zanen da aka raba shafi da su, ba tare da tuntuɓe ba, ko kuma ya ɓata. A nan ake yanke shawarar inda za a matso kusa da fuska, inda za a ja baya a nuna wuri, inda za a bar fili don magana, da abin da za a ajiye a akwatin ƙarshe don mai karatu ya juya shafi. Sanannen misali shi ne tarin akwatuna 22 na Wally Wood, dabarun da ya zana wa kansa don kada shafin da mutane biyu ke hira kawai ya zama abin gundura. Larry Hama, wanda ya taɓa yi masa aiki, shi ya haɗa su a takarda ɗaya ya raba wa masu zane a Marvel, har yau kuma ana manna ta a bangon ɗakunan zane.

Akwai kuma abin da mutum yake zanawa idan ba wanda ya sa shi. John Buscema ya shafe shekaru yana zana jarumai masu kayan ado ga Marvel, amma a bayan shafukan aikinsa yakan cika takarda da dawakai, mayaƙa, tsofaffin fuskoki da jikin mutum a motsi, don jin daɗin kansa. Masu tara zane da yawa sukan juya shafin Buscema su duba bayansa kafin gabansa. Jean Giraud, wanda aka sani da Moebius, ya fitar da 40 Days dans le Désert B a 1999, jerin zane marasa magana da ya yi da tawada kai tsaye a littafinsa. Alex Toth kuwa yakan cika wasiƙunsa da ƙananan zane, yana rage layi har sai abin da ba makawa ya saura.

Yadda takardar shara ta koma dukiya

A da kamfanoni ba su ɗauki ainihin zane a bakin komai ba. Da an ɗauki hotonsa don bugu, aikinsa ya ƙare. An yi ta zubar da shafuka, ana kyautar da su ga baƙi, wasu suka yi ƙafa daga ma'ajiya. Sai a shekarun 1970 manyan kamfanonin Amurka suka fara mayar wa masu zane sababbin shafukansu. Rigimar Kirby da Marvel kan tsofaffin shafukansa ta ja lokaci a shekarun 1980, kuma a 1987 aka mayar masa da kusan 2,000, kaso kaɗan daga dubban da ya zana musu.

Abubuwa uku suka haɗu suka ɗaga farashi. Yaran da suka karanta waɗannan labarai sun girma sun yi kuɗi. Finafinai sun mayar da jaruman sanannu a duniya. Sannan kayan ba sa ƙaruwa: da yawa daga manyan masu zanen sun rasu, kuma yawancin masu zane na yau a kwamfuta suke aiki, babu takardar da za ta saura. A Janairun 2022 gidan gwanjo na Heritage ya sayar da shafi guda na Mike Zeck daga komik ɗin Secret Wars, inda Spider-Man ya bayyana da baƙar riga, a kan dala miliyan 3.36.

Sai dai a lura, irin wannan farashin na shafukan da aka buga ne masu tarihi, ko zanen bangon littafi. Zanen gwaji na yau da kullum, ko na babban suna ne, yawanci ya fi su araha nesa ba kusa ba. Kasuwa tana biyan kuɗin shahararren jarumi da muhimmin lokaci a labarinsa, ba ingancin layi ba. Shi ya sa za ka ga kyakkyawan zanen doki na gwani bai kai kuɗin zanen gaggawa na fuskar sanannen jarumi ba.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu sukar wannan ɗoki suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne.

Ta farko ita ce komik labari ne, ba zane guda ba. Gwanintar mai zanen komik tana cikin yadda akwati ke bin akwati, kuma littafin da ya cika da jarumai a tsaye suna nuna ƙwanji ba ya nuna wannan ko kaɗan. Ɗalibin da ya kwana a kan irinsa zai iya zana jarumi mai ban sha'awa amma ya kasa nuna mutum ya shiga ɗaki ya zauna. Na yarda da wannan sukar gaba ɗaya, shi ya sa littafin da ke da tsare-tsaren shafi ya fi wanda ba shi da su.

Ta biyu ita ce ɗaukaka fensir tana tauye haƙƙin mai tawada. Ba kowa ne Colletta ba. Joe Sinnott ya ba wa Fantastic Four na Kirby tsabta da sheƙi waɗanda suka zama wani ɓangare na abin da mutane ke tunawa. Kuma mai fensir na wancan zamani ya san za a yi tawada, za a rage, za a sa launi, da wannan sanin yake zana. Don haka fensir ba shi ne "ainihin" aikin da aka ɓata daga baya ba, mataki ne a cikinsa.

Ta uku ta fi nauyi: shin mai shi ya so a gani? Hergé ya rasu a 1983 ya bar labarin Tintin na ƙarshe bai gama ba, kuma ya bayyana cewa ba ya so wani ya ci gaba da Tintin bayansa. A 1986 aka buga Tintin et l'Alph-Art yadda ya bar shi, zanen gwaji da rubutun maganganu, shafukan farko a tsare, na baya kuwa 'yan layuka ne kawai. Wasu na ganin wannan ne mafi girmama shi, tunda ba a sa hannun wani ba. Wasu na ganin mutumin da ya shahara da tsabtar layi ba zai so a baje daftarinsa ba. Crumb ya sha bamban, domin da kansa ya amince aka buga nasa, kuma mutumin da ya san za a buga littafinsa, da wuya sanin bai taɓa abin da yake zanawa a ciki ba.

Mai son saye, me zai duba

Ga yawancin mutane, maganar littafin da aka buga ce, kuma ingancinsu ya bambanta ƙwarai. Abu na farko shi ne yadda aka ɗauki hoton zanen. Idan an ɗauke shi a baƙi da fari tsantsa, layukan gini marasa nauyi sun tafi, wato abin da ka saya dominsa ya tafi. Ana so a ɗauki fensir da cikakken launi, ko da zanen ba shi da launi, don shuɗin fensir, farin gyara da launin takarda su fito. Jerin Artist's Edition da maɗaba'ar IDW ta fara a 2010 da Rocketeer na Dave Stevens ya yi suna ne a kan wannan, da kuma bugawa a ainihin girman shafin. Abu na biyu, a duba ko an rubuta shekara da aikin da kowane zane ya shafa. Tarin zane mara kwanan wata ba ya nuna yadda hannu ya sauya. Na uku, a duba ko an "tsabtace" zanen a kwamfuta. Shafin gwajin da ba shi da datti ko ɗaya, an taɓa shi.

Mai neman ainihin zane kuwa ya yi hattara, domin zanen gwaji shi ya fi sauƙin jabu. Shafin da aka buga ana iya ɗora shi a kan komik ɗin a kwatanta layi da layi, shi kuwa gwaji ba shi da abin kwatance. Mai jabu yakan ɗora takarda a kan teburi mai fitila a ƙasa ya kwafi sanannen zane. Alamarsa ita ce layi mai tafiya a hankali da nauyi iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, da 'yar rawa a lanƙwasa, kuma babu gini a ƙarƙashi, ko kuma an ƙara ginin daga baya bai haɗu da zanen ba. Idan tsayuwar jarumin ta yi daidai da wani bangon komik da aka buga, wannan ma abin tsoro ne. Takardar shaidar da mai sayarwa ya rubuta da kansa ba ta da nauyi. Abin da ke da nauyi shi ne tarihin hannuwan da zanen ya bi, daga mai shi ko iyalinsa zuwa yau. Sayen zane kuma ba ya ba ka haƙƙin bugawa ko sayar da kwafinsa, wannan yana hannun mai zanen, magadansa, ko kamfanin da ya mallaki jarumin.

Akwai wata ɓarna da kasuwa ke jawowa: dillali ya yanka ɗaurarren littafi ya sayar da shi shafi-shafi, don ya fi kawo kuɗi a haka. Da an yi haka jerin ya tafi, ba wanda zai sake ganin cewa fuskar da ke shafi na 30 ta samo asali ne daga wadda ta gagara a shafi na 12.

Adanawa

Fensir ba ya koɗewa da haske, amma yana shafewa da gogayya, don haka a sa takarda mai santsi marar asid tsakanin shafuka, kuma kada a fesa masa komai. Tawadar alƙalamin maka ita ce mai saurin koɗewa, tana komawa ruwan ƙasa ko shunayya a hasken rana. Salatif da gam na roba suna barin tabon rawaya da ke ratsa takarda, kuma ɓamɓare su da hannu yakan tafi da fuskar takardar, aikin ƙwararren mai gyara ne. Ledar ajiya mai sheƙi tana da kyau ga shafin tawada, amma tana iya jan garin fensir mai laushi ko gawayi ya manne mata. Danshi tsakanin kashi 40 zuwa 50 da zafi wajen digiri 18 zuwa 21 su ne ake so. Idan danshi ya yi yawa, ɗigon tsatsa da fumfuna ke fitowa, idan ya yi ƙasa sosai takarda ta bushe ta riƙa karyewa. A kwantar da littafin a akwati maimakon a tsayar da shi, kuma idan za a buɗe, a tallafi bangon biyu kada a tilasta masa ya baje, domin a ɗinkin tsakiya tsofaffin littattafai suke fara rabewa.